Yadda ake koya wa yaran makaranta rawar hip-hop bayan an tashi, mataki-mataki

Tun da aka ga yaranmu sun yi wasa a bikin rufe zango mutane suka dame ni da tambaya iri ɗaya, wai ta ina ake farawa, nawa ake kashewa, kuma wai ya aka yi iyaye Hausawa a Agege suka yarda 'ya'yansu su tsaya koyon rawa bayan an tashi daga makaranta. Wasu daga Idi-Araba suke tambaya, wasu Mile 12, har da malamai mata masu son su buɗe na 'yan mata zalla. To ga shi na zauna na rubuta gaba ɗaya. Abu ɗaya dai tun yanzu, iya rawarka ita ce ƙaramar matsala a wannan aikin, wanda ya tsallake matakai huɗun farko ya ruga wajen koyar da taku, ajinsa ba zai ga ƙarshen zango ba ko da kuwa ya fi kowa iya karya jiki a Legas.

1. Nemo lokaci tukuna

Yaron Bahaushe a Legas ba shi da lokaci, wannan ka sa a ranka. Ya tashi daga boko wajen ƙarfe 2 in makarantar gwamnati ce, in ta kuɗi ce sai 3 ko ma fiye saboda lesin, ya koma gida ya ci abinci, da La'asar ya wuce Islamiyya, sai dab da Magariba zai dawo, wasu kuma ga aike ga taya Baba tsaron shago. Kai kuma kana neman awa guda a ciki.

Mafita biyu ce. Ko dai ka ɗauki wannan ɗan tsakanin, daga tashi zuwa kafin La'asar, a cikin makarantar ba tare da yara sun fita ba. Ko kuma ka kama ranar Alhamis da yamma, tunda yawancin makarantun allo da Islamiyyu suna hutun Alhamis da Juma'a. Amma ka je ka tambayi Islamiyyun unguwarku da kanka, don wasu sun canza tsari suna yin Asabar da Lahadi kawai. Sau biyu a sati ya isa, sau ɗaya ma ana yi sai dai yara kan manta.

Gargaɗi: kada ka kuskura ajinka ya ci karo da Islamiyya ko ya cinye lokacin salla, ko da minti goma ne. Ranar da malamin Islamiyya ya ce wa uba ɗanka ya makara saboda rawa, ba wannan yaron kaɗai ka rasa ba, layin gidansu gaba ɗaya ka rasa. Kuma kada ka sa ajin a wurin da sai yara sun hau danfo ko sun tsallaka titin jirgi, gosulon yamma zai cinye maka rabin lokacin, alhakin hanya kuma yana wuyanka.

2. Izinin makaranta, a rubuce

Makarantar kuɗi ta fi sauƙin shiga don mutum ɗaya ne mai yanke hukunci, wato mai makarantar. Ta gwamnati kuwa hedimasta ba zai iya ba ka aji shi kaɗai ba, firamare tana ƙarƙashin LASUBEB, wato hukumar ilimin matakin farko ta jihar Legas, sakandare kuma ƙarƙashin gundumomin ilimi shida na jihar, mu a Agege gunduma ta ɗaya muke, so takarda za ka rubuta ka bi layi ka yi haƙuri. Wanda yake farawa ina ba shi shawara ya fara da ta kuɗi ƙarama a unguwarsu, wadda aka san shi aka san gidansu.

Ka je da takarda shafi ɗaya: ranaku, lokaci, yawan yara, shekarunsu, kuɗin da za a biya, da kason makaranta. Ka nemi a ba ka malami ko malama guda daga cikin ma'aikatansu da zai riƙa zama a wurin har a tashi. Wannan ba alfarma ba ce, kariya ce gare ka da yaran baki ɗaya. Legas tana da dokar haƙƙin yara tun 2007 kuma ba a wasa da ita, babba ɗaya shi kaɗai da yara a rufaffen ɗaki abu ne da bai kamata ya faru ba ko sau ɗaya. Ƙofa a buɗe, tagogi a buɗe, duk uwar da ta ga dama ta leƙo.

3. Iyaye

Nan ne aikin yake. Kada ka ba yara fom su kai gida ka zauna jiran amsa, fom ɗin zai ƙare a ƙunshin ƙosai. Ka sa mai makaranta ta ba ka minti goma a taron iyaye da malamai, waɗanda ba su zo ba kuma ka bi su shago ko gida.

Kuma ka faɗi gaskiya. Wasu suna ɓoyewa su ce wai motsa jiki ne kawai, sai uba ya ga bidiyo daga baya ya ji an yaudare shi. Ni ga yadda nake yi, bayan an gaisa an tambayi kasuwa da iyali sai in ce, "Alhaji rawa ce, ba zan ɓoye maka ba, amma kiɗa ne zalla babu waƙa ko kalma ɗaya, maza daban mata daban, ana tashi kafin kiran La'asar, kuma duk ranar da ka ga dama ka shigo ka zauna ka gani." Yawanci abin da za ka ji shi ne, "To malam, ba dai irin ta cikin waya ɗin nan ba ko?" Sai ka ce a'a ranka ya daɗe, ka ciro wayarka ka nuna masa kai kanka kana yin takun da za ka koyar, da kaya na mutunci a jikinka. Wani zai ce bari ya yi shawara da uwar yaron, wani zai ce shi dai a'a saboda fahimtarsa ta addini game da kiɗa. Wanda ya ce a'a ka yi masa godiya ka tashi, kada ka ja musu, kada ka kawo masa fatawa, kuma kada ka bari yaronsa ya riƙa shigowa a ɓoye komai kukan da zai yi maka.

Fom ɗin da za su sa hannu ya ƙunshi sunan yaro da shekaru, lambar waya biyu, wanda zai zo ɗaukarsa ko kuma izinin ya koma shi kaɗai, sai tambayar lafiya: yana da asma? yana da sikila? yana farfaɗiya? ya taɓa karaya? A ƙasa ka ware layi daban na izinin ɗaukar hoto da bidiyo, eh ko a'a.

Gargaɗi a kan sikila: yaro mai sikila zai iya shiga aji in iyaye da likitansa sun yarda, amma gajiya mai tsanani da ƙishirwa da zafi suna tayar masa da ciwon, so shi ba a cewa ya daure. Ya sha ruwa akai-akai, ya zauna duk sanda ya so. Mai asma kuma abin shaƙarsa ya kasance a aljihun jakarsa a wurin, ba a gida ba.

4. Wurin da za a yi

Ka duba ƙasa kafin ka duba girman ɗaki. Tayil mai sheƙi shi ne mafi haɗari, gumi kaɗan ko ruwan leda ya zube sai yaro ya zame. Daɓen siminti mai laushi ya fi, amma ba ya shanye nauyi, don haka a rage tsalle-tsalle a kansa saboda gwiwa da idon sawu. Siminti mai ramuka ko tsakar gida mai tsakuwa a bar shi kawai. In za a yi abin da ake sa hannu a ƙasa sai ka shimfiɗa ledar ɗaki mai kauri ka manne gefunanta da salatif mai faɗi, in ba haka ba bakin ledar zai naɗe ya harɗe ƙafa.

A ture bencina jikin bango, a share, a duba ƙusa. Kowane yaro ya buɗe hannayensa ya juya ba tare da ya taɓa na kusa da shi ba, in hakan bai yiwu ba to yaran sun yi wa ɗakin yawa. Ajin firamare na yau da kullum yana ɗaukar kamar 12 zuwa 16 a haka. Ka yi alama da alli a inda kowa zai tsaya.

Waje ƙarƙashin rumfa ya fi iska, amma daminar Legas ka san ta, musamman watan Yuni da Yuli, sai ka tanadi ajin da za a gudu ciki. Sannan a waje 'yan kallo za su taru a katanga, manyan yara mata kuma in ana kallonsu ba za su motsa ba.

5. Kaya da lissafin kuɗi

Ba ka buƙatar madubi, ba ka buƙatar janareta. Abin da ya zama dole:

Sipika mai batir wadda ke riƙe caji aƙalla awa biyu, mai bulutut da wurin sa memori ko filash. A Computer Village ta Ikeja ko Alaba za ka samu iri-iri, ka sa a kunna maka ita da ƙarfi a shagon ka ji ko bugun ƙasa yana fita, don shi yara ke bi, sipikar da sai ƙara kawai ba ta da amfani. Kada ka dogara da wutar NEPA ko sau ɗaya, ka zo da cajinka daga gida. Sai pawa bank, alli, salatif, littafin rajista, tsintsiya da tsumman goge ƙasa, da ɗan akwatin magani mai filasta, bandeji, auduga da Dettol. Maganin sha kuwa, ko Panadol ne, kada ka ba ɗan kowa, ka kira iyaye.

Farashin Legas na safe daban na yamma daban, so ga dai yadda ake lissafin, kai ka sa farashin ranar. A ce yara 16 kowa na biyan naira 3,000 a wata, 48,000 ke nan. Makaranta ta ɗauki kashi ɗaya cikin huɗu, 12,000 ta tafi. Ruwan leda kowane yaro biyu a zama ɗaya, jaka tana da 20, so jaka biyu ke nan duk zama, zama 8 a wata jaka 16, a ce 500 kowace, 8,000. Kuɗin motarka a ce 1,000 duk zuwa, wata 8,000 ɗin. Ɗan ihsanin malamar da ke zama da ku 10,000. Me ya rage? 10,000, kuma wannan in kowa ya biya ne, alhali ba kowa zai biya ba, akwai wanda zai ce wata mai zuwa, akwai maraya da ba za ka iya kora ba. Don haka ka yi lissafinka kamar 12 ne za su biya cikin 16, sannan ka yanke farashi. Kuma a karɓi kuɗin zango gaba ɗaya tare da kuɗin makaranta in mai makarantar ta yarda, bin iyaye wata-wata yana zubar da mutunci.

Kayan yara: wandon wasanni da riga mai ɗan yalwa, takalmi kambas mai igiya. Silifas a'a, safa zalla a'a don ta fi komai santsi. Wanda ba shi da kambas ya yi da ƙafa a kan leda. Kada ka ce sai an ɗinka yunifom tun farko, nan take za a ce ka zo cin kuɗi ne. 'Yan mata su sa ƙaramin hijabi mai roba wanda ba a sa masa fil, da doguwar riga zuwa gwiwa a kan wando. Dogon hijabi har ƙasa ana taka shi.

6. Kiɗa

Kiɗa zalla, babu murya. Kada ka ce ai waƙar Turanci ce ko Yarbanci iyaye ba za su gane ba, yaran da aka haifa a Agege sun fi ka jin duka biyun, kuma za su je gida suna rerawa. Ka sauke kiɗan a waya tun a gida, ka saurari kowanne daga farko har ƙarshe don wasu ana cusa musu murya a tsakiya, sannan a aji ka kashe data, in ba haka ba talla ko kiran waya zai fito ta sipika ana tsaka da ƙidaya.

Sauri kuma, masu farawa suna buƙatar kiɗa mai bugu 85 zuwa 100 a minti, wanda gangarsa ke fita sarai. In ba ka da manhajar aunawa ka ƙirga bugun na daƙiƙa 15 ka ninka sau huɗu. Kiɗa biyar zuwa shida sun ishe ka zango guda, yara suna son abin da suka saba ji.

7. Raba su

'Yan shekara 6 zuwa 8 rukuni ɗaya, minti 40 ya ishe su, kuma rabinsa wasa ne. 'Yan 9 zuwa 12 awa guda, su ne suka fi saurin ɗauka. Daga 13 zuwa sama daban, waɗannan kunya ce matsalarsu ba ƙafa ba. In ka haɗa ɗan shekara 7 da ɗan 13 ƙaramin zai ɓata babban kuma zai ji an raina shi. 'Yan mata da suka fara girma mace ce za ta koya musu, in ba ka da abokiyar aiki mace to ka bar wannan rukunin har sai ka samu.

8. Yadda awa gudan ke tafiya

Tsari ɗaya kullum, ba a canzawa: minti 5 kiran suna da shan ruwa da ɗaure igiyar takalmi, minti 10 ɗumama jiki, 15 tushe, wato ƙidaya da bin kiɗa da jiki, 15 haɗa taku, 10 da'ira, 5 na ƙarshe a miƙa jiki a huce. A tsakiya a sha ruwa sau biyu.

Ɗumama jiki daga sama zuwa ƙasa ake bi, wuya a hankali hagu da dama, kafaɗa, ƙirji, ƙugu, gwiwa, idon sawu, wuyan hannu, sai ɗan gudu a tsaye. Kada a fara da dogon miƙa jijiya jiki na sanyi, wannan na ƙarshen aji ne. Yaron da bai ci komai ba tun safe za ka gane shi a nan, ka tambaya, biskit ɗaya yana hana jiri.

Ka kafa alamar shiru tun ranar farko. Ni tafi uku nake yi su amsa da biyu su daskare a inda suke. Wannan ya fi ihu, muryarka ma za ta kai ƙarshen wata. Bulala kuwa babu ita sam, gwamnatin Legas ta hana dukan yara a makarantu, kuma yaron da ke tsoronka jikinsa a sandare zai kasance. Mai rigima a zaunar da shi kiɗa ɗaya yana kallon 'yan'uwansa, ya isa horo.

9. Ƙidaya da bawuns, sati uku cur

Nan ne kusan kowa ke gaggawa. Yara za su zo ranar farko suna cewa "Malam koya mana wadda ake yi a TikTok", kai kuma kana son su so ka sai ka biye musu. Sakamakon shi ne yara masu haddace motsin hannu amma ba sa kan kiɗa, a kunna wani kiɗan daban su tsaya suna kallonka.

Fara da tafi babu rawa. Kunna kiɗa, kowa ya tafa a kan bugu, ana ƙirga takwas-takwas a koma ɗaya, haka ake ƙirga wannan rawar ko'ina. Ka gwada ƙirgawa da Hausa, don daga ɗaya har takwas kowace lamba gaɓa biyu ce, ɗa-ya, bi-yu, u-ku, hu-ɗu, bi-yar, shi-da, ba-kwai, ta-kwas, gaɓar farko tana faɗawa kan bugu, ta biyu kuma a tsakanin bugu biyu, ka ga yaro ya samu rabin bugun nan ba tare da dogon bayani ba. Daga nan a tafa a 2, 4, 6, 8 kawai, inda ƙaramar ganga ke tsagawa. Sannan ka rage sautin gaba ɗaya su ci gaba da ƙirgawa a baki, ka dawo da shi ka ga ko suna nan a kai. Suna matuƙar son wannan wasan.

Sai bawuns, wato lanƙwasa gwiwa da kiɗa. Ƙafafu a buɗe daidai faɗin kafaɗa, gwiwa a sake, ƙirji ya ɗan sunkuyo, hannaye a sake su yi yadda suka ga dama. A "ɗa" jiki ya sauka, a "ya" ya taso, a "bi" ya sauka, a "yu" ya taso. Ina ce musu ku zama taɓarya, a kan bugu ake sauka a turmi. Abin da za ka duba: dunduniya ta zauna a ƙasa, gwiwa ta bi saitin yatsun ƙafa kada ta faɗa ciki, kuma saukar kaɗan ce ba tsuguno ba. Akwai yaron da zai riƙa gyaɗa kai kawai yana zaton yana yi, ka tsaya gefensa ka yi tare da shi yana kallon gwiwarka. In ya zauna musu sai a juya shi, a taso a kan bugu maimakon sauka, wannan ya fi wuya, ka ba shi sati nasa.

Bayan shi sai rok, wato kai gangar jiki gaba da baya ko gefe da gefe da kiɗa, ƙafa na nan a kafe. Sannan su yi tafiya a ɗaki suna bawuns, su gaisa da juna suna bawuns, su ɗauko jaka suna bawuns. Yaron da ya samu wannan duk takun da ka ɗora masa zai zauna.

Gargaɗi: in kana koyarwa ka juya musu baya don damanka ta zama damarsu, ka riƙa waigowa. In ka fuskance su to kai ka yi da hagu kana cewa dama. Ƙanana da ba su gama rarrabe hagu da dama ba a sa musu robar ɗaure kuɗi a hannun dama. Kuma gyara da baki da nuni ake yi, ba a kama jikin yaro a juya shi.

10. Takun farko

Taku ɗaya sabo a zama ɗaya, a maimaita na baya kafin a ɗora. Kowanne a yi shi sau uku: babu kiɗa ana ƙirgawa a hankali, da kiɗa a rabin sauri, sannan da cikakken sauri. Ƙafa tukuna, hannu sai ƙafa ta zauna.

Na farko tu-step: dama ta fita gefe a 1, hagu ta zo ta taɓa kusa da ita a 2, hagu ta fita a 3, dama ta taɓa a 4, duk da bawuns a ciki. Kuskuren da suke yi shi ne ɗora nauyi a kan ƙafar da ta zo taɓawa, sai su rasa da wacce za su fita.

Na biyu shuri da taku: dama ta yi ɗan shuri gaba ƙasa-ƙasa, ta dawo ta taka, hagu ta fita gefe ta taɓa, sai a juya. Ka ce musu shurin bai wuce tsayin ƙwallo ba, in ba haka ba wani zai harbi na gabansa.

Na uku ranin man: a ɗaga gwiwar dama, yayin da take saukowa ƙafar hagu ta zame baya, sai a ɗaga hagu ita ma dama ta zame. Su fara suna dafe da bango ko benci. Wannan yana gajiyarwa, a yi ƙirgen takwas sau huɗu a huta.

Na huɗu toprok, takun da masu birekin, wato rawar nan ta juyi a ƙasa, ke buɗe rawa da shi a tsaye: dama ta gicciye gaban hagu hannaye su buɗe, ta koma, hagu ta gicciye gaban dama. Ƙarshe a koya musu daskarewa a tsaye, kowa ya zaɓi tsayuwarsa ya riƙe ta har a ƙirga huɗu.

Kuma kada ka raina abin gida. Yaran Agege sun tashi sun ga ana rawar shaku shaku a bakin titi, ga zanku, ƙafarsu ta riga ta san su. In ka saka takwas ɗaya na irin wannan a tsakiyar haɗi, ka cire duk wani motsi da uwa za ta ɗaure fuska in ta gani, za ka ga har mai kunyar ajin ya saki jiki.

Babban gargaɗi: tun da aka sa birekin a gasar Olamfik ta Faris a 2024 yara ke ganin ana juyi a kan kai, za su roƙe ka. A'a. Babu juyi a kai, babu tsayuwa da ka, babu alkafura, ko kai ka iya kada ka yi a gabansu don da ka juya baya za su gwada a kan siminti. Abin ƙasa iyakarsa taku shida na zagaye da hannu a ƙasa, shi ma ga 'yan 10 zuwa sama, a kan leda, bayan an ɗumama wuyan hannu. In an yi targaɗe a zaunar da yaro, a sa ƙanƙara a cikin tsumma kamar minti 15, a ɗaga ƙafar, a kira gida, kada ka ja kada ka murza. In kai ne ya bugu ko yaro ya suma ko numfashi ya ƙi, asibiti kai tsaye, lambar gaggawa a Legas 112 ce ko 767. Ka rubuta abin da ya faru a rajista ranar.

11. Haɗawa da da'ira

Daga sati na bakwai ko takwas sai a fara jera takun da suka iya. Takwas biyu a zama ɗaya, ba ƙari. Ƙanana takwas huɗu zuwa shida ya ishe su rawa guda, manya su kai takwas goma sha biyu, a maimaita wasu. Kowane minti biyar layin gaba ya koma baya, in ba haka ba gwanaye za su mallake gaba na baya kuma su yi ta kwaikwayon ƙeyar wani. Daga baya ka raba su biyu, rabi su yi rabi su kalla, masu kallo kowa ya faɗi abu ɗaya da ya burge shi. A ƙarshe kai ka koma gefe ka daina yi, sai a lokacin za ka san ko sun iya ko kai suke bi.

Da'ira ita ce minti goman da suka fi so. A zagaye, ana tafi a kan bugu, mutum ɗaya ya shiga ya yi takwas biyu na abin da ya ga dama ya fita. Doka biyu: ba a dariyar kowa, ba a tura kowa. Mai kunya ya shiga da abokinsa, ko ya shiga ya yi bawuns kawai ya daskare a tafa masa. Gasar wa ya fi wa a bar ta sai zango na biyu.

12. Ƙarshen zango da ranar wasa

Zango yana kai sati 12 zuwa 13 amma kada ka lissafa da duka, akwai hutun tsakiya, akwai satin jarrabawa da iyaye za su riƙe yara, so ka gama haɗa rawar sati biyu kafin jarrabawa. In azumi ya faɗo cikin zangon a dakatar da ajin har bayan salla, ka faɗa wa iyaye tun farko kuma ka rage kuɗin.

Wasan kada ya wuce minti biyu zuwa uku. A yi gwaji sau ɗaya a ainihin wurin da ainihin sipikar da za a yi amfani da ita, a sa alama a ƙasa, kiɗan ya kasance a waya biyu da filash. Kowane yaro ya fito gaba ko da takwas ɗaya ne, don uban da ya rufe shago ya zo ɗansa ya zo gani. Kaya farar riga da baƙin wando da kowa ke da su a gida sun wadatar.

Bidiyo kuma ka koma kan fom ɗin nan na mataki na uku, duk yaron da aka rubuta masa a'a kada ya fito a abin da za ka ɗora ko'ina, wanda aka yarda ma kada ka sa cikakken sunansa ko bajen makarantarsa ya fito. A wurin taron ka ajiye fom ɗin zango mai zuwa da biro a kan tebur kusa da ƙofa, ka sa malamar da ke zama da ku ta riƙa karɓar sunaye kafin mutane su watse.